Yayana Hamidu, Wanda Kuka Kira Sai Gobe

Ina rumfata a kasuwar albasa, ina faɗa da wani ɗan dako da ya jefar mini da buhu kamar na tsakuwa, sai na ga ɗana Mumuni tsaye a bakin rumfar. Hantsi ne, lokacin da ya kamata a ce yana kwance ƙarƙashin wata mota. Na dubi hannuwansa na ga a wanke suke tas, babu baƙin mai ko a farce. Tun bai buɗe baki ba na nemi buhun na zauna. Ya ce, "Inna, Kawu ya cika." Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Yayana Hamidu makanike, wanda ciwon ƙirji ya kwantar tun bayan ƙaramar salla, ya rigaye mu. Bayan azahar muka sa shi a makwancinsa.

Niyyata in yi shiru in yi masa addu'a kamar kowa. Abin da kunnena ya ji a zaman makoki ne ya hana ni. Zana ɗaya ce tsakanin wurin mata da ƙofar gida inda maza suke, kuma zana ba ta tare magana. Na ji manyan mutane masu furfura suna cewa, "Allah shi jiƙan Sai Gobe," sa'an nan su yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, matarsa Dije tana zaune kusa da ni, ɗiyansa suna kai muku ruwa, ku kuwa kuna kiransa da sunan da kuka laƙa masa don ba'a. Sunan da ubanmu ya raɗa masa Hamidu ne. Tun da kun zaɓi ku riƙe wancan, to zan faɗi inda ya samo asali, domin ina wurin, kuma yawancin masu dariyar ba su nan.

Mu ɗiyan masunci ne daga Garu. Da ubanmu ya rasu, Yaya ya bar kwalekwale ya ƙetara kogi zuwa Gaya ya koyi gyaran mota, ya komo Malanville ya kafa rumfar kwano a bakin hanyar kudu. Shi ya tsaya kai da fata sai na wuce kwaleji a Kandi, lokacin da dangi suka ce firamare ta ishe ni. Da hannun nan nasa mai kanta ya ɗora mini akwati a mota, ya ce, "Zali, in kin tahi wasa ne, ki gaya mini yanzu in huta." Haka maganarsa take. Ba zan ce muku mutum ne mai sauƙi ba, don ba na yi wa mamaci ƙarya ko ta yabo. Ba ya yi wa mai mota dariya don ya riƙe shi. In ka tsaya a garejinsa kana zuba bayani inji na aiki, abin da zai fara ce maka shi ne, "Kashe inji." Jandarma ma haka yake ce musu, a shekarun nan na mulkin soja da ake kiran kowa kamarad, ana tsoron ko tari a gabansu. Yana da farar riga guda a rataye a ƙusa, ba ya taɓa ta sai ya dirje hannu da yashi da toka in an kira salla.

Akwai wata al'ada tasa da ta sa masu sayar da tsofaffin kayan mota ba su ƙaunarsa. Duk fambel da ya cire ya sa sabo, sai ya zaro wuƙa ya yanka tsohon biyu a gaban mai motar. Fambel, ga wadda ba ta taɓa leƙa cikin mota ba, igiyar roba ce da ke zagaye wasu 'yan tayoyin ƙarfe masu kwari a gaban inji. Ita ke juya fanka da famfon ruwa don kada inji ya ƙone, ita ke juya dinamo mai cika batir, kuma a irin motocin gazuwal, wato man dizal, da muke hawa, har famfon da ke taimakon birki da ita yake aiki. Yaya ya san in ya jefar da tsohon fambel lafiyayye, gobe wani zai shafa masa baƙin man takalmi ya rataye shi a kasuwa. Yakan ce, "Abin da ni cire, ba shi koma shiga motar ɗan wani."

Yanzu ga ranar da ake magana. Lokacin da aka rufe iyakar Najeriya ne, kayan gyara suka yi wuya, sabon fambel sai an nema da gaske. Saini, wanda yau kuke ce wa Alhaji Saini mai motoci, a lokacin bashe guda gare shi mai shan gazuwal, irin mai buɗaɗɗen bayan nan, kuma shi ke tuƙa abarsa. Ya yi lodin albasa za shi Paraku, mu mata masu kayan muna zaune bisa buhuna, ni da 'yar autata a cinya. Da ya tada inji a tasha, motar ta yi wani ihu mai tsini da ya shiga mana har haƙora. Mata suka toshe kunne. Saini ya ce ba komai, za mu biya garejin Malam Hamidu a ɗan ja fambel, ai kan hanya ne.

Muka tsaya. Saini bai ko sauko ba ya leƙo ta taga. "Malam Hamidu, ɗan ja mini shi kaɗan, rana na yi."

"Kashe inji."

Ya kashe. Yaya ya ɗaga murfin gaba, amma bai taɓa komai ba tukuna. Tambaya ya fara, kamar yadda ungozoma ke yi kafin ta sa hannu.

"Yaushe takan yi kukan?"

"Da sahe in na tashe ta."

"In ka kunna hitila hwa?"

"Takan yi."

"In ka taka totur?"

"Nan ne ma ta hi yi."

"Jar wutar batir?"

"Tana ɗan ƙyaftawa. Ai ta daɗe hakanan."

"Birki?"

Nan Saini ya kau da kai. Sa'an nan ya ce, "Wani lokaci shina tauri. Amma ƙahwata ta san shi."

Na sauko don in sha ruwa, shi ya sa na ga sauran da idona. Yaya ya danna fambel da babban yatsa a tsakiya. In sako-sako ne matsalar, zai lotsa sosai, a sassauta noti a ja dinamo baya kaɗan, magana ta ƙare. Wannan kuwa bai ko motsa ba, ya ɗame kamar fatar ganga. Yaya ya ce, "Wanga ai ba jan shika so ba. Wa ya ɗame shi haka?" Saini ya ce shi ne, da ƙarfen cire taya. Yaya ya shafa yatsa a cikin fambel, ya sansana, ya miƙa yatsan gaban hancin Saini. Gazuwal ne da sabulu. Kowa ya san abin da direbobinmu ke yi: in fambel ya fara kuka sai su goga masa sabulun wanki inji na juyawa, kukan ya ɗauke, su ce sun gyara.

Bai tsaya nan ba. Ya bi jiƙar da yatsa zuwa sama har ya tarar da wani ɗan tiyo da ya tsage kamar silin gashi, yana ɗiga daidai kan fambel. Ya sassauta dinamo ya cire fambel ɗin, ya lanƙwasa shi ta baya, sai ga tsaga-tsaga a jere, gefensa yana ƙyalli kamar kwalba, robar ta yi laushi. Ya leƙa cikin kwarin tayoyin ƙarfen ya ga gindinsu na walƙiya. Ya nuna wa Saini, ya ce fambel da gefe yake kamawa, in ya sirance har ya zauna a gindin kwari, ko ka ja shi da raƙumi zamewa zai yi. Sa'an nan ya juya kowace taya da hannu yana kasa kunne. Dinamo lafiya lau. Da ya kama fanka ya girgiza, famfon ruwa ya amsa ƙwas-ƙwas, alamar boris, ƙarfen da yake juyawa a kansa, ya lalace.

Ya goge hannu ya ce, "Tiyo na ɗiga, gazuwal ya cinye fambel, kai kuma ka ɗame shi har ka kashe boris na famfo. Tiyo da boris ina iya gamawa kahin la'asar. Fambel ban da shi, sai an ƙetara Gaya an biɗo. Motag ga ba ta tahiya yau, sai gobe."

Saini ya sa hannu biyu a ka. "Gobe? Albasa cikin ranag ga? Malam Hamidu, ka mai da shi, in ƙara mai sabulu, wallahi har Paraku ba ka jin ko tari nata."

"Sabulu kunnenka shika yi wa magani. Kukan nan shi kaɗai ne bakin da motar take da shi, kai ka toshe."

"Wata nawa nike tahiya hakanan?"

"Ban ce dole shi tsinke yau ba. Na ce shina iya tsinkewa, kuma in ya tsinke kan gangare da wanga kaya, birkinka dutse zai koma. Dubi bisa buhunan ga, Saini. Ba albasa kaɗai ka ɗauko ba."

Ya juyo gare ni. "Zali, sauko da ɗiyarki da kayanki." Na sauko da su. Ya zagaya bayan motar ya gaya wa sauran matan, da Hausa da Dendi, abin da ya gani, ba ƙari ba ragi. Wata tsohuwa daga Tumbutu ta ce, "Ɗana, rai ai hannun Allah shike." Ya ce, "Gaskiya ne, Inna. Allah ne kuma ya nuna mini, ni kuma na gaya muku." Ba na zargin matan nan. Albasarsu ita ce hatsin gidansu, kuma babu wata motar ranar. Ba wadda ta sauko.

Wannan fambel bai yanka shi ba, domin bai sa wani a madadinsa ba. Ya miƙa wa Saini ya ce, "Kayanka ne. Amma ba da hannuna za a mai da shi ba, kuma ba cikin rumfata ba." Suka tura motar bakin hanya, Saini ya mayar da abinsa, ya goga sabulu, ya tada inji. Tsit, babu kuka. Suka tafi matan na ɗaga mini hannu.

Kuna jiran in ce sun faɗa rami. Ba su faɗa ba, alhamdu lillahi. Sun isa Paraku lafiya, sun sayar, sun komo lafiya. Da Saini ya zo wucewa ta gaban gareji sai ya danna oda ya ɗaga murya, "Sai Gobe! Mun tahi, mun sai da, mun komo! Goben taka ta yi?" Tasha duka ta ɗauka. Daga ranar sunan ya zauna. Ni kuwa wani sashi na albasata ya ruɓe kafin in sami wata motar, ina faɗa ne don kada wani ya ce ban yi asarar komai ba shi ya sa nake baki. Da yamma Yaya ya zo gidana, ya zauna a tabarma yana taya ni tsince ruɓaɓɓun daga masu kyau. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

To, ku masu dariya, ina tambayarku. Isa lafiya ita ce shaidar cewa Saini ya yi daidai? In mace ta ajiye jaririnta a bakin kogi ta tafi kasuwa, ta komo ta tarar da shi yana wasa da yashi, akwai wanda zai ce mata ta iya reno? Allah ne ya tsare, ita kuwa sakarya ce, kuma kowace uwa a garin nan za ta gaya mata haka. Me ya sa da aka zo kan mota hankalinku ya juye? Allah ya rufa wa mutum asiri, ku kuka mai da rufin asirin ya zama gwaninta, wanda ya faɗi gaskiya kuma ya zama abin wasan yara. Kun koya wa kowane ƙaramin direba a tasha cewa mai sabulu shi ne wayayye. Ɗiyanku ke hawa motocin nan, matanku ke zaune bisa buhunan.

Abin bai tsaya ga suna ba. Direbobi suka janye ɗaya bayan ɗaya, suka koma inda za a ce musu "an gama" kafin shayinsu ya huce. Rumfar da a da ba ka samun wurin tsayawa ta koma sai injin ban ruwa na masu shinkafa da motar da ta riga ta gagari kowa. Dije ta fara soya kifi a ƙofar gida. Ban taɓa jin ta yi masa gori ba, Allah ya saka mata. Ni ce ma wata rana na ce masa ko zai riƙa tausasa harshe, ya faɗi gaskiyar amma da ɗan murmushi. Ya ce, "Zali, murmushin na iya koya. Amma su ba murmushi suka biɗa ba, so suke in ce lahiya lau." A cikin waɗannan shekarun na kai masa Mumuni, da sanina, ina ganin rumfar babu kowa. Mutane suka ce na kai yaro inda zai koyi talauci. Na ce na kai shi inda zan iya hawa motar da ya gyara in yi barci.

Yanzu Mumuni magidanci ne, da mata da ɗiya, kuma shi Yaya ya bar wa rumfar da sifanu. Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha, na ji muryar Alhaji Saini ta bayan zana ya jawo shi gefe. Ya ce, "Ɗana, kawunka mutumin kirki ne, ba mu da abin cewa. Amma shi ya kori arzikinai da hannunai. Kai yaro ne, ga iyali biyu bisa kanka. Motocina duka naka ne, daga gobe. Abu guda: in direba ya ce maka sauri shikai, ka sallame shi. Kak ka riƙe mini mota da kaya bisa." A ƙofar gidan mamacin aka faɗi wannan, a kan tabarmar makokinsa. Da ba don darajar Dije ba, da na ɗaga zanar nan.

Da Mumuni ya shigo gaishe ni na tambaye shi me ya amsa. Ya ce bai amsa ba tukuna. Na ce, "Abin har sai an yi tunani?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ɗiyan Kawu za su ci tuwo. Nawa ma haka. Kin ga rumfar." Raina ya ɓaci, amma ban iya ce masa ƙarya yake ba. Mai wa'azi da cikakken rumbu ba ya shan wahala, kuma ban so in zama shi. Na ce masa, "Ji nan. Hatsin gidan Dije na ɗauke maka, muddin ina da ƙahwar zuwa kasuwa. Wanga uzuri ya hita daga hannunka. Abin da ya rage tsakaninka da Allah ne, da matan da za su hau motocin. Amma in ka karɓi sharaɗin Alhaji, ka nemi wata rumfa, kada ka yi shi ƙarƙashin kwanon yayana."

Ya tashi ya fita. Dije ce ta gaya mini daga baya cewa ya je gidan Alhaji da ƙafarsa. Ya yi godiya, ya ce yana son aikin, yana kuma bukatarsa, amma motar da ya ga ba ta isa hawa hanya ba zai faɗa, kuma ba za ta fita daga hannunsa a matsayin gyararriya ba. Alhaji ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Daga nan ko mota ɗaya bai aiko ba.

Jiya na bi ta gareji. Babur guda na tarar, da injin ban ruwa a kwance an buɗe cikinsa, Mumuni na tsugune a kansa. Ba zan ce muku Allah ya riga ya musanya masa da mafi alheri ba, domin ban gani ba tukuna, kuma yayana ya mutu bai gani ba. Abin da na sani, ni da Dije mun haɗa tukunya, yaran sun ci sun kwanta. Na ajiye masa furar da na kawo, ya ce, "Sannu, Inna." Na ce, "Sannu da aiki." Rabon da in ce wa ɗana haka da dukan zuciyata, na manta.

Ya Allah, ga bawanka Hamidu ɗan masunci ya zo gare Ka. Ka san kaifin harshensa, Ka kuma san bai taɓa cewa lafiya ba a inda ya ga babu lafiya. Ka gafarta masa na farkon, Ka karɓi na biyun. Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka haɗa shi da iyayenmu a cikin rahamarka. Ka ba Dije haƙuri da lafiyar riƙon marayu, Ka raya ɗiyansa a kan abin da ya mutu a kai. Ka ƙarfafi zuciyar Mumuni ranar da yunwa za ta yi masa magana da muryar hankali, Ka kawo masa halalinsa har rumfar nan. Waɗanda suka yi dariya a ƙofar gidan makoki, Ka shirye su kafin tasu tabarmar ta shimfiɗu. Matan da za su hau bisa buhuna gobe da safe, da ɗiyansu a cinya, ba su san abin da ke ƙarƙashin murfin inji ba, Ka kai su lafiya, Ka komo da su lafiya. Amin.